Akori-kurar Baba Ta Kama Tari

A gidanmu na Yelwa babu wanda ya taɓa buɗe baki ya ce wa Baba kunnensa ya yi nauyi. Mu mun sani, maƙwabta sun sani, har masu tallan da ke shigowa sun sani, don sai su yi ta sallama a zaure yana zaune bai amsa ba, su gaji su wuce ciki. Amma faɗa masa, wannan kam ba a samu mai zuciyar yi ba. Mutum ne da ya yi rayuwarsa yana tinƙaho da kunnen nan. Direba ne tun ban zo duniya ba, kuma a tasha an san shi da cewa mota za ta wuce, kansa na sunkuye yana shan fura, ya ce wannan fuloginta ɗaya ya mutu, a duba a tarar haka ne.

Motarsa tsohuwar akori-kura ce mai shan fetur, wadda fentinta ya koɗe har ba a iya rantsuwa kan launinta na asali. Da ita ya ciyar da mu. Yakan ɗauko bandar kifi daga bakin ruwan Wara ya kawo Yelwa, ranar kasuwar Ngaski ya kwaso dawar Kambari, in kakar albasa ta zo kuwa sai mu riƙa ganinsa jefi-jefi, yana tsakanin gonakin bakin tafki da kasuwa, wani lokaci har Shanga. Ƙarnin kifi da warin albasa sun kama kujerunta yadda ko an wanke ba sa fita. Mu 'ya'yansa mun saba, baƙo ne ke toshe hanci.

Abin da ya tayar wa Inna hankali shi ne ranar da Baba ya fito daga kwanar kasuwa ya hau titi, wani ɗan kabu-kabu na ta danna masa hon bai ji ba. Allah ya tsare, madubin babur ɗin kawai ya fashe. Baba ya dawo gida yana faɗa wai yaran yanzu ba sa yin hon, sai dai ka gan su a gabanka. Wani da abin ya faru a kan idonsa ya biyo ta bayan gida ya gaya wa Inna gaskiya. Daga ranar, in Baba ya fita da mota, Inna ba ta da sukuni sai ta ji ƙarar injinsa a ƙofar gida. Ita da yayana, babban ɗanta namiji, suka ƙudura cewa lallai Baba ya sauka daga sitiyari. To amma da wane baki? Tunda ba a iya ambaton kunne, sai suka ɗora wa mota laifin.

Motar kuwa sai ka ce ta ji ƙus-ƙus ɗinsu, ta ba su hujja. Cikin daminar nan ta kama tari. Tana tsaye tana aiki sai ta riƙa rawa-rawa, da an taka totur sai ta yi jim, ta yi fat, wani lokaci har da ɗan harshen wuta ta bakin kafireto, wato ƙoƙon nan da ke gauraya mai da iska kafin su shiga inji. Makanikai na kiran abin bakfaya, Baba kuwa tari yake ce masa. Awakin unguwa sun san lokacin fitarsa, don tun kafin ya kai bakin titi sun watse. Yayana ya samu abin da yake nema. Duk zuwan da zai yi gaisuwa sai ya ɗan taɓo zancen, wai mota ta tsufa, wata rana za ta kama da wuta a hanya, gara a rabu da ita tun tana da sauran daraja. Baba ya yi ta haƙuri, rannan ya yanke magana. Ya ce a ba shi zuwa kakar albasa. In tarin bai tafi ba, Yaya ya zo ya ɗauki makulli ya yi yadda ya so da ita. In kuwa ta warke, kada wanda ya sake yi masa zancen barin tuƙi.

Ina aure a Shanga a lokacin, na zo ganin gida ana gab da fara cire albasa. Ban ko ajiye mayafi ba Inna ta ja ni ɗaki ta zayyana mini komai. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, shi ya sa yake ce mini Uwata, kuma ni kaɗai ce a gidan ke yi masa gardama ya yi dariya.

Inna ta ce, "Ke ɗai shika saurare. Ki lallashe shi shi bar wagga mota, tun ba ta kashe muna shi ba."

Na ce, "Inna, motar ce matsala, ko abin da kunka ƙi hwaɗi?"

Ta harare ni, ta ce in tashi in ba ta wuri.

Kafin zuwana Baba ya yi duk abin da ya sani. Ya kwance kafireto ya wanke shi tas, ya hure 'yan ƙofofinsa. Ya canza fulogai. Ya zargi man da yakan saya a jarka a bakin ruwa, wurin masu sayar wa 'yan jirgi, don irin wannan man ba ya rasa ɗigon ruwa, saboda haka ya tsiyaye tanki kaf ya zuba na gidan mai. Tari dai yana nan. Gareji kuwa ya ƙi zuwa, kuma na san dalili ko da bai faɗa ba. Makanikan garin da yawa a gabansa suka tashi. Da sun buɗe bonet za su karkata kai su ce masa, ka ji nan Baba? Shi kuma ba zai ji ba, kafin azahar labari ya kai tasha.

Washegari da hantsi ina tsakar gida ina tsince shinkafa ya leƙo.

"Uwata, zo ki ara mini kunnenki. Mura ta toshe mini nawa tun jiya."

Babu wata mura, ko atishawa ban ji ya yi ba. Na ajiye tiren na bi shi zuwa kangon da ke bayan gidanmu, inda motar ke kwana ƙarƙashin dogon-yaro. Ya riga ya buɗe bonet ya tokare shi da sanda, ya cire tukunyar tace iska, ya jera kayan aikinsa a kan buhu. Ya tayar da inji ya zagayo ya tsaya kusa da ni, yana magana da ƙarfi fiye da yadda ake buƙata.

"Tarin mota iri biyu na. Akwai na baya, ta salansa. Wannan mai ya yi yawa, bai ƙone duka ba, sai ya je can ya kama. Akwai na gaba, ta kafireto. Wannan ko dai mai ya yi kaɗan iska ta yi yawa, ko wuta ta zo ba kan lokacinta ba. Na gaba dai na gan shi da idona. Je ki tsaya baya ki hwaɗa mini ko can ma tana yi."

Na je na tsaya wajen salansa, na riƙe gefen mayafina don hayaƙi. Ya ja wayar totur da hannu. Motar ta yi jim ta yi fat, amma daga gaba abin ya fito. Na dawo na matso kusa da kunnensa na ce baya lafiya lau.

"In na ja taka yi, ko in na saki?"

"In ka ja, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya kashe inji ya bi wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ya tabbatar kowace tana gurbinta. Ya buɗe murfin abin da ke raba musu wuta ya ɗaga shi a rana yana neman tsaga, bai samu ba, ya goge da gefen riga ya mayar. Ina tsaye ina kallon hannuwansa. Ba su da gaggawa, ba sa lalube, kowane yatsa ya san inda za shi. Na daɗe ban tsaya kusa da shi haka ba, tun ina yarinya yana sa ni riƙe masa fitila. Duk da abin da ke raina, na ji daɗin tsayuwar.

Ya ce, "Wuta lafiya take. To yunwa taka ji. Ga shi mai na zuwa, na gani da idona. Kenan iska na shiga ta inda ba a ba ta hanya ba." Ya sake tayar da inji, ya dube ni. "Saurara da kyau. Ba ki jin wani siririn kuka, awa feɗuwa, ƙarƙashin rurin injin?"

Ina ji. Tun da ya fara tayar da motar nake jin sa, siriri, ba ya yankewa. Na ɗaga kai na hango Inna ta leƙo ta saman katanga, wai tana shanya. Idonta na kaina. Na san abin da take so. In na ce ban ji komai ba, shi ke nan, Baba ba shi da wani kunnen da zai ara, albasa ta iso, Yaya ya zo ya ɗauki makulli, kowa ya huta ba tare da an ambaci abin da ake tsoron ambata ba. In kuwa na ce na ji, zai gyara ta, ya koma hanya da kunnen nan nasa, tsakanin 'yan kabu-kabu da manyan motoci. Tsoro ya kama ni sosai, kuma haushin Yaya ya cika ni. Shi ne ya ƙulla sharaɗin nan na banza ya tafi harkokinsa, ya bar ni tsaye a tsakiya da mayafi mai warin fetur.

Baba yana jira. Ba ya kallon injin, bakina yake kallo, don a nan yake karanta magana. Mutumin da bai yarda da kowa a garin nan ya san halin da yake ciki ba, ni ya kira. Na ga ba zan iya karɓar amanarsa in yi masa ƙarya da ita ba, ko da kuwa don a tsare ransa ne.

Na ce, "Ina ji, Baba."

Ya ɗauko guntun tiyo na roba daga kan buhu, ya hure shi, ya ba ni baki ɗaya ya ce in sa a kunne in toshe ɗayan kunnen da yatsa. Shi kuma ya riƙe ɗaya bakin yana yawo da shi a jikin injin a hankali. Na ji abubuwa iri-iri ta cikin tiyon nan, ƙwanƙwasa da gurnani da wani abu kamar ana tankaɗe. Ya bi ta gefen injin, ya bi ta bakin 'yan robobin da ke shiga kafireto, ina girgiza kai. Da ya kawo gindin kafireto, inda ya zauna a kan inji, ta ɓangaren da ke fuskantar gilashi, sai kukan ya soke mini kunne har na janye kai.

"Nan ne."

Ya tsoma yatsa cikin baƙin mai ya shafa a wurin, ya ɗora tafin ɗayan hannun a jikin motar. Feɗuwar ta ɗauke, rawar injin ta lafa na ɗan lokaci, sannan iska ta zuƙe man komai ya dawo yadda yake. Bai tambaye ni ba, a tafinsa ya ji. Fuskarsa ta washe yadda ban gani ba tun zuwana.

Ya kashe inji ya kwance notocin, ya ɗaga kafireto. A ƙarƙashinsa akwai abin da ake sawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada iska ta ratsa, gasket suke ce masa. Wanda Baba ya ɓamɓaro ya yi baƙi, ya tsotse, gefe ɗaya ya zagwanye. Ya miƙo mini yana dariya ya ce in shinshina. Ƙarƙashin warin fetur akwai ƙaurin banda.

"Kwalin kihi na," in ji shi. "Ni tun da nike ban taɓa sayen wagga aba ba. Can bakin ruwa munka koya, da mu da masu injin jirgi. Wa za shi taso daga Wara zuwa Yelwa don ɗan wanga abu? Sai ka yanki kwalin da aka zuba banda, ka ɗora kafireto ka zana, ka yanke ka shahwa mai. Shina kai ka wata da watanni. Ran da ya gaji shi da kanshi ka hwaɗa maka, ya fara feɗuwa. Da ka ji sai ka yanko wani, tun ba a kai ga tari ba."

Yana cikin maganar dariyar ta fara raguwa. Ya juya guntun kwalin a hannunsa, ya sake juyawa. Na ga lokacin da ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

Ya ce, "Uwata, tun yaushe taka yin kukan ga?"

Na so in ce ban sani ba, amma na riga na ɗauki hanyar gaskiya tun ɗazu.

"Tun zuwana na ƙaramar salla na ji shi, Baba. Na ɗauka haka kukanta yake."

"Innarku na jin shi?"

"Tana ji."

"Masu lodi?"

"Kowa na ji, Baba."

Ya ajiye kwalin a kan buhu, ya goge hannunsa da tsumma a hankali, yatsa bayan yatsa. Akwai kwalayen banda jibge a bayan motar, na ɗauka zai ce in miƙo masa ɗaya. Sai ya ɗauki hularsa ya ce in jira shi. Da ƙafa ya tafi wurin masu sayar da kayan mota, ya dawo da gasket na kanti a cikin leda. Ya ɗaura shi, ya mayar da kafireto, ya ɗaure notocin da lallashi, wannan kaɗan wancan kaɗan. Da ya tayar da inji motar ta kama aiki sumul. Ya ja totur ta amsa ba jim ba fat. Ya dube ni, na ce masa kukan ya tafi.

Ya ce in shiga mu gwada ta. Muka bi hanyar bakin ruwa. A tafiyar nan ce na lura da yadda yake tuƙi a 'yan shekarun nan. Wuyansa ba ya hutawa, daga wannan madubi zuwa wancan, duk mahaɗa sai ya tsaya cak ya leƙa ko'ina kafin ya shiga. Aikin da kunne ya ajiye ido da wuya ke yi, kuma ban san irin gajiyar da yake dawowa da ita gida ba sai ranar. Muka tsaya a gaɓa. Ruwa ya fara ja baya, an bi sawunsa da shuka, jiragen fito na shigowa da buhuna, hayaƙin masu banda na tashi can gefe. Ya bar injin yana aiki, tafinsa a kan sitiyari, ya daɗe yana kallon ruwan.

Ya ce, "Ta yi daɗi ko?"

Na ce, "Ta yi daɗi, Baba."

Da la'asar Yaya ya zo, don labari ya riga ya kai masa. Ya tayar da motar da kansa, ya taka totur har ya gaji, ko tari ɗaya ba ta yi ba. Ya sauko fuska ba walwala, ya durƙusa gaban Baba a zaure ya ce alkawari alkawari ne, ba zai sake tayar da zancen ba. Inna na bayan labule, ni ina riƙe da butar Baba. Ban iya duban ko ɗayansu ba, don na san ni na jawo.

Baba ya karɓi makullin daga hannun Yaya ya riƙe. Ya ce, "Mota ba ta da laihi, kun gani. Don haka ba a saida ta." Ya dubi Yaya. "Ka nemo mini direba kahin a fara lodi. Mai hankali, wanda kunnenshi ke ji. Ka kawo shi in gwada shi da kaina. Ni zan riƙa bin shi, don masu albasa ni sunka sani."

Wannan ne karo na farko da kalmar kunne ta fito a gidanmu kan wannan magana, kuma daga bakinsa ta fito. Yaya ya sunkuyar da kai ya ce to. Na ji Inna ta sauke numfashi a bayan labule. Abin da muka yi ta roƙon Allah ke nan, amma ni ban ji farin ciki ba ko kaɗan. Na shiga madafa na zauna kan turmi na yi kuka, Inna ta shigo ta gan ni ta fita.

Ban koma Shanga ba sai da aka fara lodi. Ranar farko direban ya zo da sassafe, wani magidanci mai sanyin magana daga cikin gari. Baba ya fito cikin rigar aikinsa, ya zagaya motar ya daddanna tayoyi kamar kullum, ya miƙa wa mutumin makulli. Daga nan ya nufi ƙofar direba bisa sabo, ya kai hannu, ya tsaya. Ya zagaya ta gaban motar zuwa ɗaya ɓangaren ya ja hannun ƙofar, ta ƙi buɗewa. Ya sake ja da ƙarfi, ta ƙi. Ƙofar nan tun muna yara sai an ɗan ɗaga ta sama an danna da gwiwa kafin ta buɗe. Duk gidan mun san haka, har jikokinsa, shi kaɗai ne bai sani ba, don bai taɓa shiga motarsa ta nan ba. Na matsa na nuna masa yadda ake yi. Ya gwada da kansa ta buɗe, ya shiga ya zauna ya ɗora hannuwansa a kan cinya, ya ce wa direban su tafi.